Shin Ko Kun San? Ƙurajen Yara Masu Cibiya

Shin ko kun san cewa ƙananan ƙurajen nan masu sheƙi da ke fito wa yara a wuya, da hammata, da ciki, da bayan gwiwa, waɗanda ba sa ciwo kuma ba sa zuwa da zazzaɓi, cuta ce mai zaman kanta? Likitoci na kiranta moloskum. Daga Ngong har Garwa a nan Kamaru, da wuya a zaga unguwa guda ba a ga yaron da ke ɗauke da ita ba. Ku kama hannun yaron ku fita da shi tsakar gida inda akwai haske, ko ku haska masa fitilar waya ta gefe. Za ku ga ƙurjin a dunƙule, sumul, da ɗan tauri, girmansa kamar ƙwayar dawa, wato milimita 2 zuwa 5. A baƙar fata yakan zo da launin jiki, ko ya ɗan fi jikin haske. To, ku ƙura wa tsakiyarsa ido. Akwai wani ɗan rami da ya lotsa ciki, cibiyar ƙurjin ke nan, kuma ita ce shaidar da ma'aikacin lafiya ke nema. A ƙarƙashinta akwai wani farin abu mai kauri, cike maƙil da ƙwayoyin cutar.

Shin ko kun san cewa 'yar uwar agana ce? Dangi ɗaya suke a cikin ƙwayoyin cuta na bairos, su da ƙyandar biri. Agana, wadda kakanninmu suka sha wuyarta har wasu suka rasa idanu, an ga mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a gari a Marka ta ƙasar Somaliya cikin watan Oktoba na 1977, kuma a watan Mayu na 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa an gama da ita. Wannan ƙanwar tata ce ta rage tana yawo a tsakanin mutane, amma ba ta gaji zafin yayarta ba ko kaɗan. Ba ta kisa. Allurar agana ma ba ta kare mutum daga ita, kuma har yau ba ta da rigakafi nata na kanta.

Shin ko kun san cewa ba ta shiga jini? A saman fata kawai take zaune, ba ta zuwa hanta, ba ta zuwa ƙoda, ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda haka yaron ke cin tuwonsa, yana guje-gujensa, yana barcinsa lafiya lau. Ba “zafi” ne ya yi masa yawa a ciki ba, ba mangwaro ba ne, ba gyaɗa ba ce, ba nonon uwa ne ya ɓaci ba. Ba kambun baka ba ne, balle a ce maƙwabciya ce ta sa hannu. Duk wani jiƙo da za a ɗura wa yaro don a “wanke jini” wahalar da cikinsa ne kawai, domin cutar ba can take ba.

Daga mutum zuwa mutum kaɗai take tafiya. Ba a ɗaukarta daga shanun kasuwar Ngong, ko akuya, ko kaji.

Shin ko kun san cewa an fi shekara ɗari biyu da saninta a littattafan likitanci? Wani likitan fata na birnin Landan, Thomas Bateman, shi ya bayyana siffarta a 1817, kuma tun lokacin ya lura cewa tana yaɗuwa daga wannan zuwa wancan. A 1841 wasu likitoci biyu, Henderson da Paterson, suka duba farin abin nan a madubin likita suka ga wasu dunƙule-dunƙule a ciki, waɗanda har gobe da sunansu ake kiran su. A 1905 aka tabbatar cewa ƙwayar bairos ce. Duk da wannan daɗewa, har yanzu masana ba su iya renon ƙwayar a ɗakin gwaji yadda suke renon sauran ba. Ta ƙi girma ko'ina sai a fatar ɗan Adam mai rai, kuma wannan na cikin abin da ya jinkirta samo mata magani.

Shin ko kun san yawan masu ita? Ƙiyasin da aka yi na cututtukan duniya ya nuna cewa a 2010 kimanin mutum miliyan 122 ne ke ɗauke da ita, kusan mutum biyu cikin kowane ɗari. Mafi yawansu yara ne 'yan shekara 1 zuwa 10. A yankin Kulikoro na ƙasar Mali, inda rana da ƙura da zaman gida suka yi kama da namu, wani bincike da aka wallafa a 1995 ya duba yara sama da 1,800, ya tarar kashi 3.6 cikin ɗari suna da ita. Ƙurajen da ke ruwa da mugunya, da makero na kai, da ƙazuwa duk sun fi ta yawa a wannan binciken. Ke nan a ajin firamare mai yara sittin, samun biyu masu ita ba abin mamaki ba ne.

Shin ko kun san cewa soson wanka na cikin manyan abubuwan da ke raba ta a cikin gida? Nan ne ya kamata iyaye mata su tsaya su saurara. Da yamma an ɗebo ruwa, an ajiye baho a bayan ɗaki, yara huɗu ko biyar sun yi layi. Soso ɗaya, sabulu ɗaya, zane ɗaya na goge jiki. An fara da babba, an cuɗa masa hammata da ƙarfi, soson ya fasa kan ƙurji biyu, ya kwashi farin abin nan a cikin zarensa. Daga nan sai wuyan ƙaninsa, sai cikin autar gida. Babu wanda ya yi laifi, uwa tsafta take yi wa 'ya'yanta, amma ta nan cutar ta bi. Likitoci a Ostareliya sun bi diddigin wannan a 1999, suka ga cewa yin wanka da soson mai cutar na ninka haɗarin ƙurajen su yi yawa kusan sau uku. A Birtaniya kuma, a gidajen da aka bibiya, cikin kashi 41 bisa ɗari sai da wani yaron gidan ya kamu. Soso kuwa ba tsada gare shi ba, a jikin danga ma yake fitowa. A yanka wa kowane yaro nasa, a ɗaura masa zare mai launi don ya gane shi, a shanya a rana bayan wanka. Wanda ke da ƙurajen a yi masa wanka a ƙarshe, da hannu, ban da cuɗa wurin.

Sauran hanyoyin sanannu ne: haɗuwar fata da fata wajen wasa da kokawa, kwana a tabarma ɗaya jiki na gogar jiki, musayar riga. Ta fi son wuri mai zafi da gumi da cunkoso. Wanda ya san bazarar Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, yara na yawo ba riga, ya san ƙwayar ba ta rasa ƙofa.

Shin ko kun san cewa yaron da kansa ne ke shuka ta a jikinsa? Ya sosa nan, ya sosa can, farcensa ya ɗauka ya kai. Shi ya sa wani lokaci za ku ga ƙurajen sun jeru a layi ɗaya, daidai inda farce ya bi. Yaron da fatarsa ke bushewa tana ƙaiƙayi, musamman mai kirci, ya fi saurin cika da su. In hunturu ya kama, iska ta busar da fata har tana fari, ƙaiƙayi ya ƙaru, sai a ga ƙuraje biyar sun zama ashirin. Yanke farce da shafa man kaɗanya ko basilin a inda fata ta bushe ba sa kashe ƙwayar, amma suna rage susa, kuma rage susa babban aiki ne a wannan cuta.

Shin ko kun san cewa daga ranar da ƙwayar ta shiga fata zuwa ranar da ƙurji zai fito, ana iya yin mako biyu, ana iya yin wata shida? Don haka uwar da ta ce, “Tun da ɗan gidan su wance ya zo wasa jiya abin nan ya fito wa Auta,” ta ɗora wa yaron mutane laifin da ba nasa ba. Mai yiwuwa tun kafin kaka aka ɗauko ta, a wani gari ma daban. Ngong gari ne na shige da fice, yana bakin babbar hanyar Garwa zuwa Ngaundere, ga kasuwa, ga masu zuwa noman auduga da masara daga can arewa mai nisa, ga masu aiki a injin gurzar auduga na SODECOTON. A irin wannan gari babu mai iya cewa ga wanda ya kawo.

Shin ko kun san cewa da kanta take warkewa? Wannan ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce ta fi wuyar karɓa. Yawanci cikin wata 6 zuwa 12 ƙurajen ke ɓacewa, ba tare da an yi musu komai ba, kuma galibi ba sa barin tabo. Amma wasu kan daɗe. Wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya bi yara 306 a Birtaniya, ya samu cewa matsakaicin lokacin warkewa wata 13 ne da 'yan kwanaki. Bayan wata 18, kashi 30 cikin ɗari ba su rabu da ita ba. Bayan shekara biyu, saura kashi 13. Akan sami wanda zai kai shekara huɗu. Kowane ƙurji ɗaya ba ya kai haka, wata biyu ko uku yake yi ya tafi, sai dai yana tafiya wani na fitowa, shi ya sa ake ganin kamar abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Me ya sa take daɗewa haka? A 1996 masana a Amurka suka karanta tsarin halittar ƙwayar daga farko har ƙarshe, suka tarar tana ƙera wasu sinadarai da ke hana garkuwar jiki jin labarinta. Jiki na iya yin watanni bai san da baƙuwa a fatarsa ba. Ranar da ya farga kuwa, kwananta ya ƙare.

Shin ko kun san cewa ranar da ƙurjin ya yi ja, ya kumbura, ya fara ɓawo, sau da yawa albishir ne? Alama ce garkuwar jiki ta gano wurin ta kai farmaki. Iyaye da yawa a wannan lokacin ne hankalinsu ke tashi, su ruga wurin mai sayar da magani a tire, alhali saura kaɗan abin ya wuce. Yadda za a bambanta da shigar wata cutar daban shi ne: in jan na faɗaɗa yana cin fatar da ke kewaye, wurin ya yi zafi rau, mugunya na zuba, yaro na kuka in an taɓa, ko zazzaɓi ya shigo, to wannan ba farmakin jiki ba ne, sai a tafi asibiti.

Shin ko kun san cewa yawancin tabon da ake gani a jikin yaran da suka yi wannan cuta ba ita ta yi shi ba, hannun manya ne? Ga yadda abin kan faru. Wata uku sun wuce, ƙuraje na nan. Kaka ta dubi surukarta ta ce, “Ke yarinya, haka za ki zuba ido jikin yaro ya lalace? A kira wanzami.” Uwa ba ta iya musu da uwar miji, sai ta ce, “To, Inna.” Aka danne yaro a cinya, aka bi ƙuraje ɗaya bayan ɗaya da aska ko reza, yana tsala ihu. Aka ɓare kafso ja da rawaya aka barbaɗa garin a kai. Bayan mako uku, inda ƙurji goma suke an sami talatin, domin askar ta kwashi ƙwayar ta raba wa fatar da ke lafiya, biyu kuma sun zama gyambo. Inna ba mugunta ta yi ba, ƙaunar jikanta ce ta sa, kuma zaman jira yana da ciwo ga wanda ke kallon yaro kullum. Amma gaskiya ɗaya ce: garin kafso ba ya taɓa bairos, an yi shi ne don wata irin ƙwayar cuta daban. Askar da ta taɓa jikin wani na iya kawo ciwon hanta nau'in B, wanda ya fi ƙurajen nan haɗari nesa ba kusa ba, kuma raunin da datti ya shiga ƙofa ce ga cutar sarƙewar haƙora. Sannan fatarmu ta baƙaƙe tana da saurin yin tabo mai tudu, irin wanda ke ci gaba da girma a ƙirji ko kafaɗa shekara da shekaru. Masu ɗiga ruwan batir, ko kanwa mai ƙarfi, ko man goge baki, ko ɗanyar tafarnuwa a ɗaure ta kwana, duk ƙuna suke saya wa yaro. Ina roƙon wanzamanmu, waɗanda mutane ke jin maganarsu, in an kawo musu yaro mai ƙurji da cibiya su mayar da askar kube su ce a bar shi.

Haka man shafawar nan na kwali da ake sayarwa a kasuwa don “kowane irin ƙurji”, da na bilicin. Da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da garkuwar fata. In an shafa a kan moloskum ba bisa umarnin likita ba, an ɗaure wa ƙwayar gindi ke nan.

Shin ko kun san cewa a asibiti ma ba kullum ake cire su ba? Likita na iya kankare su da wani ɗan ƙarfe mai tsafta bayan ya kashe zafin wurin, ko ya daskarar da su da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ko ya ɗiga wani ruwan magani da aka auna ƙarfinsa. Akan yi haka in suna fuska, ko sun yi yawa, ko suna hana yaro sakewa cikin 'yan uwansa. Amma da masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a duniya a 2017, ba su sami magani ɗaya da ya nuna fifiko a fili ba, suka ce barin cutar ta warke da kanta hanya ce mai ƙarfi. Saboda haka in ma'aikacin lafiya a asibitin Ngong ko na Garwa ya duba ya ce ku koma gida ku yi haƙuri, ba raina ku ya yi ba, kuma ba don ya ga ba ku da kuɗi ba ne. Abin da ilimi ya nuna ya faɗa muku.

Shin ko kun san cewa hangara, ƙwaron nan da ke cin furen gero, wanda in ya fashe a wuyan mutum sai wurin ya yi bororo, daga irin dafinsa aka samo ɗaya daga cikin magungunan? Sunan sinadarin kantaridin. A watan Yuli na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, da sunan Ycanth, don yara daga shekara biyu, kuma likita ne kaɗai ke ɗiga shi, ɗigo a kan kowane ƙurji, a wanke bayan wasu awoyi. A watan Janairu na 2024 ta amince da wani man, Zelsuvmi, wanda iyaye ke shafawa a gida. Kada wani ya ji wannan ya shiga gona neman hangara. Dafin guba ne, yana ƙona fata fiye da kima, in ya shiga ciki kuma yana lalata ƙoda har ya yi kisa.

Shin ko kun san cewa ba a hana yaro makaranta saboda ita? Ko ta boko ko ta allo. Cutar da za ta iya shekara, in aka ce sai ta warke, an kashe wa yaro karatu a banza. Riga mai rufe wurin ta isa, ko ɗan filasta a kan wanda ke waje. Malamai su hana tsokana, domin a binciken nan na 2015 kusan yaro ɗaya cikin goma abin ya dame shi ƙwarai a rayuwarsa ta yau da kullum. Yarinyar da ƙurji shida suka fito mata a kumatu, 'yan ajinsu suna matsawa in ta zauna, ciwonta ba a fata yake ba.

Shin ko kun san yadda ake raba ta da masu kama da ita? Ƙarambau na zuwa da zazzaɓi, ƙurajensa na ɗauke da ruwa, cikin mako biyu ya wuce. Ƙyanda na zuwa da tari, da jan ido, da zafin jiki mai tsanani, ita kam ba a wasa da ita. Ƙazuwa ƙaiƙayin dare ne da ke hana gida duka barci, tana son tsakanin yatsu. Tusan jaki kansa kaushi ne da shi, ba sumul ba. Ƙurajen zufa ƙanana ne rututu, suna tafiya in an sami sanyi. Wadda ta fi rikitarwa ita ce ƙyandar biri, domin ita ma ƙurjinta kan yi cibiya. Amma tana zuwa da zazzaɓi, da kumburin kaluluwa, da ciwo, ƙurajen na canza kama cikin kwanaki, har a tafin hannu da tafin ƙafa, inda moloskum kusan ba ta zuwa. A 1970 aka fara ganin ƙyandar biri a jikin mutum, a ƙasar Kwango, kuma Kamaru na cikin ƙasashen da take ɓulla, galibi a yankunan dazuzzukan kudu. Duk ƙurji mai cibiya da ya zo da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana.

Manya ma na kamuwa da moloskum. A wurinsu ta fi fitowa a mara, da cinya, da al'aura, ta hanyar kwanciyar aure, kuma aske gashin wurin da reza na yaɗa ta. A jikin yaro, in ta fito a wannan wajen, mafi yawa hannunsa ne ya kai ta, amma ya kamata ma'aikacin lafiya ya gani da idonsa.

Shin ko kun san cewa ƙurji ɗaya tak a bakin fatar ido na iya sa ido ya yi ta ja yana hawaye wata da watanni? Ƙwayoyin na zubowa cikin idon suna fusata shi. A yi ta ɗiga magani ba a ga sauƙi ba, alhali tushen na nan ɓoye a gindin gashin ido. Irin wannan ba na jira ba ne, likitan ido ne zai cire shi, kuma da an cire idon kan washe.

Shin ko kun san cewa wani lokaci ita ce ke fara tona wata cutar da ke ɓoye? In ƙurajen sun yi manya, sun wuce santimita ɗaya, ko sun kai ɗari sun cika fuska, musamman a jikin babba, ko a jikin yaron da ke ramewa yana yawan gudawa da ciwon baki, to garkuwar jiki ce ta yi rauni, kuma abu na farko da likita zai nema shi ne gwajin ƙanjamau. Bai kamata a ji haushinsa ba. Binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna kashi 2.7 cikin ɗari na 'yan Kamaru masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙanjamau, kuma tun watan Mayu na 2007 gwamnati ke ba da maganinta kyauta. Wanda aka ɗora a kan maganin, garkuwarsa na farfaɗowa, ƙurajen fuskar da suka gagari kankara da ƙuna sukan bushe su zube cikin watanni. In yaro ne aka samu da ƙanjamau, a gwada uwar da sauran 'yan uwansa a wannan makon.